Sauka a gonar wani: yadda ake neman izini da yadda ake tayar da wanda bai nema ba a fadamar Haɗejiya

Daga ƙarshen Oktoba, da zarar ruwa ya fara ja da baya a fadamun Guri da Kiri Kasamma da Auyo, sai bukkoki su fara tsirowa a inda jiya babu komai sai tushen shinkafa. Makiyayi ya iso da la'asar sakaliya, mata sun lanƙwasa tsumagu sun lulluɓe da tabarmi da leda, an ja dangwali an ɗaure maruƙa, an hura wuta saboda sauro, kafin gari ya waye wurin ya zama zango. Masunta ma haka suke yi a bakin gulbi, su kafa tunga su gina wurin banda. A shekarar da ambaliya ta yi tsanani kuwa, irin ta 2022, ƙauye guda kan kwashe ya hau tudun da ya fi kusa, ko da tudun nan gonar geron wani ce. Kusan kowane ɗaya daga cikin filayen nan yana da mai shi, kuma a nan rigima take farawa: wa ke da ikon cewa a sauka, wa ke da ikon cewa a tashi, kuma ta wace hanya? Abin da nake so in tabbatar shi ne, a wannan yanki dokar hana kutse ita kaɗai ba ta tsare gona. Izini mai wa'adi, wanda aka bayar a gaban shaidu aka kuma rubuta, shi ne ke tsare ta, shi ne kuma ke ba doka abin kamawa ranar da aka buƙace ta.

Sai mu fara da tambayar ko filin na wane ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya a filayen karkara, har fili mai faɗi: hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Wasu kan ɗauki wannan su ce ai ke nan manomi ba shi da gona, ta gwamnati ce, kowa na iya sauka. Wannan kuskure ne. Dokar da kanta ta ce wanda yake riƙe da fili yana noma shi tun kafin zuwanta zai ci gaba da riƙonsa kamar wanda aka ba shi haƙƙin a hukumance, ko da ba shi da takarda ko ɗaya. Wani abu kuma da ya fi muhimmanci ga mai neman masauki shi ne, laifin kutse laifi ne da ake yi wa wanda fili ke hannunsa a lokacin. A fadama da yawan gonaki haya ce ko jingina ko aro. Saboda haka idan mai gona yana zaune a Haɗejiya ko Kano, ya ba wani hayar gonar na shekara, izinin ɗan hayar nan shi ne ake fara nema. Wanda ya karɓo izini daga birni ya zo ya tarar da ɗan haya yana shirin shuka alkama, bai riƙe komai ba.

Dokar finalkod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960 kuma jihohi suka gada, ta bayyana laifin kutse a sashe na 342, ta yanke masa ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tara, ko duka biyun, a sashe na 348. Amma a lura da sharaɗin da ta gindaya. Shiga kawai ba ta isa ba. Sai an nuna cewa mutum ya shiga ne, ko ya ƙi fita bayan ya shiga ta halal, da nufin aikata laifi ko tsoratarwa ko cin mutunci ko ɓata ran mai filin. Makiyayin da ya sauka a gonar da aka girbe, ya ce shi bai san mai ita ba, ya ga fili ne kawai ya sauke kaya, yana da abin faɗa a gaban alƙali, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Akwai hanyar ƙarar neman diyya, wadda ba ta buƙatar a nuna mugun nufi, sai dai kafin a gama zaman kotu garken ya daɗe da tsallaka Yobe ko ya koma Nijar. Wannan shi ne raunin dogaro da doka tsagwaronta: tana tafiya a ƙasa, abin da take bi kuwa yana da ƙafa huɗu kuma ba ya jira.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Jigawa ke aiki da shi, ya fi kusa da rayuwar fadama, domin ya san aro, ya san ɓarnar dabba. Abu uku ya kamata mai gona da mai garke su riƙe daga cikinsa. Na farko, aron da aka yanka wa lokaci ya zama wajibi a kan mai bayarwa har lokacin ya cika. Ba ya tashi ran tsaka ya ce ya fasa, shi kuma mai karɓa ba ya ƙara kwana ɗaya sai da sabon izini. Na biyu, hauzi: baƙon da ya zauna a fili shekara goma yana gini yana rushewa yana ikirarin nasa ne, mai filin yana nan yana gani ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, to ba a sauraron ƙarar mai filin bayan haka. Amma hauzi ba ya aiki idan an san asalin shigar aro ne ko haya ko jingina. Ka ga ke nan 'yar takardar da ta ce "aro ne" ita ce ke hana zangon bana ya zama gardamar gado a hannun jikoki. Na uku, ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana kan mai su, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa game da taguwar Barra'u ɗan Azib, Risala da Mukhtasar kuma suka tabbatar. Ta rana ma, idan da makiyayi tare da su ya yi sakaci, ko an sake su dab da gonaki, ba a kuɓuta daga biya.

Mai karatu na iya cewa ai kakanni ba su rubuta komai ba, kuma sun zauna lafiya. Haka ne, amma fadamar da suka sani ba ita ce ta yau ba. A da, ruwa kan zo sau ɗaya a shekara, ya cika a Agusta da Satumba, ya janye, a yanke shinkafa, sauran rani kuwa fili na shanu ne, manomi har roƙo yake a kwana masa a gona don taki, ya ba da dammunan gero tukwici. Madatsar Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992, sun canja tafiyar kogin Haɗejiya: ambaliyar damina ta ragu a wasu wurare, ruwa kuma ya riƙa gudana har da rani. Ruwan da ba ya ƙafewa ya ba ciyawar kacala dama ta toshe magudanai, har wasu filaye a wajen magudanar Marma suka nutse, wasu kuma a wajen ta Burum Gana suka rasa ruwa. A shekarun 1980 ƙananan injunan ban ruwa suka bazu, hana shigo da alkama a 1987 ya sa aka share dazuzzukan bakin ruwa aka shuka ta. Yau bakin gulbin da garke ke sauka ya sha ruwa ya zama lambun tattasai da albasa da kankana, kara da harawa kuma sun zama kayan sayarwa. An kuma soke jangali a shekarun 1970, wanda duk da nauyinsa shi ne ke sa hakimi ya san kowane arɗo da ya shigo ƙasarsa da yawan shanunsa. Tsohuwar fahimtar juna ta tsaya ne a kan yalwar fili da sanin juna, kuma duka biyun sun ƙaranta.

To yaya ake neman masauki ta hanyar da za ta riƙe? Ƙa'idar farko ita ce mutum ya riga garkensa isowa. A bar shanu a burtali ko makiyayar da aka keɓe, mai garke ko babban ɗansa ya shigo gari da kwana biyu ko uku, ya fara da arɗon yankin idan akwai, arɗo ya kai shi wurin bulama ko mai unguwa, shi kuma ya kira wanda gonar ke hannunsa. Wannan jerin ba ɓata lokaci ba ne. Arɗo shi ne zai tsaya wa baƙo, ya ce na san shi ko na san wanda ya san shi. Bulama shi ne ya san gonar da ake shari'a a kanta, da wadda ta marayu ce, da wadda maƙwabcinta bai kwashe wakensa ba tukuna. Baƙon da ya zo daga nesa, kamar Udawa masu tumaki da ke gangarowa daga Nijar ta wajen Maigatari, shi ya fi kowa buƙatar wannan, domin ba shi da kowa a garin, kuma duk ɓarnar da aka wayi gari aka gani a kansa za a fara ɗora ta. Takardar ƙetare iyaka da dabbobi wadda ƙungiyar ECOWAS ta tsara a 1998 izinin wucewa ce ta hanyoyin da aka ware. Ba ta taɓa zama izinin kwana a gonar kowa ba. Haka ma sashe na 41 na tsarin mulki, da ya ba ɗan ƙasa 'yancin yawo da zama a ko'ina cikin Najeriya, bai buɗe masa shingen wani ba.

Idan an haɗu, ba a zaure ake gama maganar ba. A tashi a je gonar da ƙafa. A tsaya a nuna inda bukkoki za su zauna, a nuna inda shanu za su kwana, a kuma yarda cewa za a riƙa matsar da makwancin bayan 'yan kwanaki don taki ya game gonar maimakon ya taru wuri ɗaya ya ƙone ƙasa. Sannan a bi hanyar ruwa taki-taki har mashaya. Wannan ita ce gaɓar da aka fi tsallakewa, ita ce kuma ta fi jawo jini. Garke yana zuwa ruwa kullum, kuma mai gonar da ya ba da masauki ba shi da ikon ba da hanya ta cikin lambun maƙwabcinsa. Idan tsakanin zango da gulbi akwai fangalin albasa ko da guda biyar ne kuma babu labi, to wannan gonar ba ta saukuwa, komai kyawun zuciyar mai ita, sai in an kira masu lambun sun yarda da wata hanya an kafa mata alama. Mai gona ya tuna cewa idan ya sauki baƙo ba tare da wannan ba, shi maƙwabta za su riƙe, kuma da gaskiyarsu.

Daga nan sai rubutu. Ba a buƙatar lauya ko hatimi. Malamin makarantar allo ko na boko ya isa, da ajami ko da boko, a harshen da kowa ya ji an karanta masa. A rubuta sunan mai ba da aro da na mai karɓa da na arɗon da ya tsaya masa. A bayyana gonar da maƙwabtanta na gabas da yamma da kudu da arewa. A faɗi yawan bukkoki da kimanin yawan dabbobi, domin izinin da aka ba garke ɗaya kan wayi gari ya zama na dangi guda. A faɗi abin da aka halatta, kara da tattaka da ciyawar gefe, da abin da aka hana: sare ko sassabe itatuwan amfani irin su goruba da tsamiya da ɗorawa, ginin ƙasa, haƙa rijiya, da shuka ko da kuɓewa ce a bayan bukka, domin gini da dashe su ne alamun da ake kafa hujjar mallaka da su. A faɗi wanda zai biya wani da nawa. Wani wuri mai garke ne ke sayen kara, wani wuri taki ne ke biyan kara a tashi babu bashi, kuma tun da takin zamani ya yi tsada kashin shanu ya dawo da darajarsa. A faɗi cewa tsaron dare na kan mai garke, a kuma ambaci mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, da za su yi ƙiyasi idan an yi ɓarna. Abu na ƙarshe, wanda ya fi duka, shi ne ranar tashi. Kada a rubuta "sai damina" ko "sai an ga hali". A sa rana da wata, a ƙara da cewa idan ruwa ya sauka kafin ranar za a tashi cikin kwana kaza. Kowa ya dangwala yatsa, a yi kwafi uku, ɗaya na bulama, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Kafin mai gona ya ba da izini ko ya hana, akwai tambayar da ya wajaba ya yi wa kansa tsakani da Allah: wurin nan duka gonata ce? Dokar makiyayai ta Jihar Arewa ta 1965 ta ba hukuma ikon keɓe filayen kiwo, kuma burtali da mashaya hanyoyin jama'a ne da aka sani tun kafin ita. Da yawan abin da ake kira kutsen makiyayi a yau sauka ce a kan burtalin da manomi ya ci kunya-kunya, shekara bayan shekara, har ya manta cewa ba nasa ba ne. Wanda ya yi haka ba shi da ikon korar kowa daga wurin, kuma idan magana ta kai Hukumar Manoma da Makiyaya ta Jihar Jigawa ko kwamitin ƙaramar hukuma, iyakar asali za a nema. Haka kuma babu bulama ko dagacin da ke da ikon ba da masauki a cikin gandun Baturiya da ke Kiri Kasamma, domin wuri ne da doka ta killace, an kuma sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008.

Saura wanda ya wayi gari ya tarar da bukkoki a gonarsa ba a tambaye shi ba. Ransa zai ɓaci, kuma yana da haƙƙi. Amma sa'o'in farko su ne ke yanke ko zai fita a mai ƙara ko a wanda ake ƙara. Kada ya je shi kaɗai, kada ya je da dare, kada ya tara samari da sanduna. Ya ɗauki bulama da dattijo ɗaya, su yi sallama, su nemi babban wurin, a tambaye shi daga ina, wa ya saukar da shi. Sau da yawa za a tarar wani ne ya karɓi kuɗi ya nuna gonar da ba tasa ba, kuma wannan shi ne mai laifin da ya kamata a kama. Idan mai gona yana son su zauna, sai a koma kan tsarin da aka bayyana a sama. Idan ba ya so, a faɗa musu a fili, a gaban shaidu, cewa gonar wane ce, bai yarda ba, su tashi zuwa rana kaza. A ba da lokacin da hankali zai ɗauka, domin garke mai maruƙa da mata da yara ba ya tashi cikin sa'a ɗaya, amma kada ya wuce kwana biyu ko uku. Wannan sanarwar ita ce ke cike giɓin da ke cikin sashe na 342: wanda aka gaya wa a gaban bulama ya kuma ƙi tashi ba zai sake cewa bai sani ba, kuma alƙali ya sami abin da zai auna nufinsa da shi. Idan wa'adi ya cika ba a tashi ba, sai dagaci, sai hakimi, sai 'yan sanda da kotu. Ƙona bukka, sarar saniya, zuba guba a kara ko a ruwa, duk laifuffuka ne a finalkod, kuma hukuncin cinna wa mazaunin mutane wuta ya fi na kutse nauyi nesa ba kusa ba.

Idan an riga an yi ɓarna, ƙiyasi a ranar ake yin sa, kafin iska ta share sawu ko wani garken ya bi ta kai. A kira malamin gona da wakilan ɓangarorin biyu. A bi sawu daga inda aka shiga zuwa inda aka fita, a duba kashin ko ɗanye ne ko ya bushe, domin shi ke nuna ko daren jiya ne ko shekaranjiya. A ƙirga kunyoyi ko fangalin da aka ci, a bambanta wanda aka cinye ƙurmus da wanda aka tattake zai iya farfaɗowa, a gwada da ɓangaren da ba a taɓa ba. Malaman Malikiyya sun ce shukar da ba ta nuna ba ana yi mata ƙima ne tsakanin fata da tsoro, wato a lissafa cewa tana iya kaiwa, tana kuma iya lalacewa ko da dabba ba ta taɓa ta ba. Wannan ma'auni ne na adalci, kuma shi ke hana manomi ya nemi kuɗin buhu ashirin a kan alkamar da ba ta fi sati uku ba, ya kuma hana makiyayi ya ce ai ganye ne kawai. Ƙiyasin da aka kumbura shi ne ke koya wa makiyayi gudu da dare maimakon tsayawa ya biya.

Makiyayi yana da tasa hujjar, kuma ba ta wasa ba ce. Zai ce hadisi ya sa mutane tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, don me za a nemi takarda kafin saniya ta ci abin da Allah ya tsirar? Mazhabar Malikiyya ta ba shi wani ɓangare na gaskiya: ciyawar da ta fito da kanta a saurar da mai ita ya bari ba ya buƙata, ba a hana ta, sai in shukarsa ta kewaye wurin. Manomin da ke hana kiwo a irin wannan fili don ƙeta kawai, ko ya cinna wa kara wuta don kada saniya ta samu, ya saɓa wa wannan. Amma kara da harawa gumin mutum ne, shuka su aka yi. Kuma wucewa a ci ciyawa daban, kafa gida a zauna wata uku daban. Ta ɗaya gefen, wani zai ce takarda tana kashe amana, mutumin da ubansa ya sauka a gonar ubanka shekara talatin yau ka ce ya dangwala yatsa? Ina ganin akasin haka ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ce da rubuta bashi tsakanin muminai, ba don ana zarginsu ba. Iyayen da suka san juna za su mutu. 'Ya'yan da za su gaji gonar da garken ba lallai su san abin da aka ƙulla ba, kuma tsohon abokin zama shi ya fi cancanta a ba shi abin da zai nuna wa magada.

Akwai kuma masu cewa a huta da duk wannan, a yi doka a hana sauka gaba ɗaya. An gwada. Jihar Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, kashe-kashe ba su tsaya ba. A Ingila da Wales, dokar 2022 ta mai da zama da mota a filin wani ba izini laifi, idan an yi babbar ɓarna ko damuwa aka kuma ƙi tashi, da ɗaurin wata uku ko tarar fam 2,500. A 2024 babbar kotu ta ce wani sashe nata ya saɓa wa haƙƙin al'ummomin da ke rayuwar yawo, kuma tushen matsalar, wato ƙarancin wuraren saukar da aka amince da su, yana nan. Hani ba ya rage yawan shanun da ƙishirwa ke korowa zuwa kogin Haɗejiya kowane rani. Abin da yake yi shi ne ya mai da saukar rana ta koma ta dare. Darasin da ya fi amfani yana maƙwabtaka. A Nijar, ƙarƙashin dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010, hukumomin jiha kan sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara, kwamitocin filaye na ƙauyuka kuma suna rubuta takardun aro da haya da jingina. Ba a rasa rikici a can ba, amma kowa ya san ranar da shiga gona ta halatta. Masarautar Haɗejiya, da ƙananan hukumominta takwas da jerin hakimai da dagatai da bulamai, tana da duk abin da ake buƙata don yin irin wannan, sai dai a fadama rana ɗaya ba za ta wadatar ba: ta tudu daban, ta shinkafa daban, lambunan rani kuwa ba a sakin su sam.

Wanda ambaliya ta koro hukuncinsa daban ne. Ba shi da nufin laifi, larura ce ta hau da shi tudun, kuma babu mai imanin da zai tsaya neman takarda a hannun matar da ke ɗauke da jariri ruwa na bin ta. A sauke su tukuna. Amma bayan sati ɗaya ko biyu, idan hankali ya kwanta, bulaman garin da ya tashi da na garin da aka sauka su zauna da mai gonar su rubuta abu kaɗan: cewa aro ne har ruwa ya janye, ba za a yi ginin ƙasa ba, ga inda za a haƙa masai, ga abin da aka tattake na amfanin gona. Wannan lissafin shi ne mai gona zai kai wa ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha, domin bai kamata mutum ɗaya ya ɗauki asarar saukar gari guda ba. Idan kuma ya bayyana cewa tsohon garin ba zai komu ba, dokar 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar fili don amfanin jama'a tare da biyan diyya, kuma ta nan ya kamata a bi, maimakon a bar sansani ya zama unguwa a bakin mai gona.

Kai mai gona a Guri ko Auyo ko Kafin Hausa, kada ka jira sai ka hango hayaƙi a gonarka. Tun shinkafa ba ta nuna ba, ka je wurin bulama ka gaya masa ko za ka sauki baƙo bana ko ba za ka sauke shi ba, da ranar da za ka gama kwashe amfaninka. Kai kuma mai garke, ka bar shanu a burtali, ka shigo gari da sandarka kaɗai, ka yi sallama, kada ka sauke ko tabarma ɗaya sai an rubuta ranar da za ka tashi.